Yadda Ake Gyara Kurakuran FreeSurfer a Iyakokin Ɓawon Ƙwaƙwalwa

Ranar da recon-all, babban umarnin FreeSurfer, manhajar da ke auna ƙwaƙwalwa daga hoton MRI, ya gama aiki a kan hoton MRI na farko da ka ba shi, layin ƙarshe zai ce maka "finished without error". Kada wannan ya ruɗe ka. Ma'anarsa kawai manhajar ta kai ƙarshen hanya ba ta faɗi ba. Ko layukan da ta zana a ƙwaƙwalwar sun zauna inda ya kamata, wannan ba ta da idon gani. Sai kai ka buɗe ka duba.

An gina FreeSurfer a Cibiyar Martinos ta Babban Asibitin Massachusetts da ke Boston a Amurka, tushenta kuma maƙalu biyu ne da Anders Dale da Bruce Fischl da Martin Sereno suka fitar a 1999. Abin da take nema shi ne ɓawon ƙwaƙwalwa, wato sashen nan mai ruwan toka da ya lulluɓe farin sashe, wanda ya nannaɗe kamar gonar da aka yi wa huɗa, kunya ta tashi, kwari ya nutse. A kowane ɓari na ƙwaƙwalwa manhajar tana saƙa raga biyu. Ta ciki tana bin inda farin sashe ya ƙare, sunanta lh.white a hagu, rh.white a dama. Ta waje tana bin inda ɓawon ya haɗu da ruwan ƙwaƙwalwa, ita ce lh.pial da rh.pial. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce kaurin ɓawo, kuma matsakaicinsa a babban mutum kusan milimita 2.5 ne. Boksel ɗaya, wato ƙwayar hoton, milimita 1 ne. To ka lissafa: idan layi ya kauce da boksel ɗaya tak, ka yi kuskuren kashi 40 cikin ɗari a wurin, alhali bambancin da bincike ke farauta tsakanin marasa lafiya da masu lafiya sau da yawa bai kai rabin milimita ba.

Abu ɗaya za ka riƙe kafin komai. Ba a kama layin da ya kauce a ja shi da linzami. Layin inuwa ce, sandar tana can baya: fayilolin brainmask.mgz da brain.mgz da wm.mgz, waɗanda daga gare su aka saƙa ragar. Su ake gyarawa, a sake kunna aikin daga wurin, layin ya sake zana kansa. Kuma da yake kowane fayil daga na gabansa aka haife shi, gyaran yana da tsari. Wanda ya fara daga ƙarshe zai yi aiki biyu. Abin da zan bayyana ya shafi zubin FreeSurfer (wato version) na 6 da na 7. Zubi na 8 ya sauya wasu matakan farko, don haka ka tabbatar da wanda kake amfani da shi.

Kafin ka taɓa komai

Yi kwafin jakar mutumin gaba ɗaya:

cp -r $SUBJECTS_DIR/mutum01 $SUBJECTS_DIR/mutum01_asali

Sannan ka leƙa scripts/recon-all-status.log ka ga ko kowane mataki ya gudana. Idan an ɗauke wuta aikin na tsakiya, za ka tarar da wani ɗan fayil mai suna IsRunning.lh+rh a cikin scripts, kuma recon-all zai ƙi tashi muddin yana nan, domin yana zaton wani aikin na gudana. Tabbatar babu, ka goge shi, ka ci gaba daga zangon da ya tsaya, domin aikin zango uku ne: -autorecon1 da -autorecon2 da -autorecon3. Aikin gaba ɗaya yakan ci awanni masu yawa a kan mutum ɗaya, saboda haka mai aiki da wutar da ba ta da alƙawari ya san darajar wannan.

Yadda ake kallo

Shiga jakar mutumin ka buɗe komai lokaci ɗaya da Freeview, manhajar kallon hotuna ta FreeSurfer:

freeview -v mri/T1.mgz mri/brain.mgz mri/brainmask.mgz mri/wm.mgz:colormap=heat:opacity=0.4 -f surf/lh.white:edgecolor=yellow surf/rh.white:edgecolor=yellow surf/lh.pial:edgecolor=red surf/rh.pial:edgecolor=red

Layin rawaya shi ne iyakar ciki, ja kuma ta waje. Ni nakan fara da kallon da ake yi daga fuskar mutum, wanda Freeview ke kira coronal, in bi yanka bayan yanka daga goshi har ƙeya ba tare da na gyara komai ba, ina rubuta lambar yankan da na ga matsala. Zagayen farko na gani ne kawai. In ka tsaya gyaran abu na farko da idonka ya faɗa a kai, za ka ɓata awa guda, sannan a yanka na 150 ka tarar da babbar matsalar da za ta sa a sake komai.

Wuraren da kuskure ya fi son zama sanannu ne: ƙarshen ɓangaren gefe ta gaba, wajen kunne, ƙasan goshi, daidai saman kwarmin ido, tsakiyar kai ta sama, inda babbar jijiyar jini ke kwance tsakanin ɓari biyu, da ƙasan ƙeya, inda babbar ƙwaƙwalwa ke zaune a kan ƙaramar. Akwai kuma wuraren da layukan kan yi hauka amma bai dame ka ba. A bangon tsakiya, kusa da hifokamfas da amigdala, wasu sassa biyu na can cikin ɓangaren gefe, layukan suna ratsa juna yadda suka ga dama, kuma ba a lissafa kauri a wurin, domin fayil ɗin lh.cortex.label ya fitar da shi daga ƙidaya. Sabon hannu yakan kashe kwana guda a nan a banza.

Wani abin da ke yaudarar ido shi ne lanƙwasa. Za ka ga layin ja ya bar wani guntun toka a waje, ka ce an yanke ɓawo, alhali gefen kunyar da ke yanka na gaba ne yake leƙowa. Duk abin da ka zarga, ka duba shi ta fuska uku, daga gaba da sama da gefe, kafin ka yanke masa hukunci.

Daidaita kai da taswira

Tun a zangon farko FreeSurfer tana juya kan mutumin ta daidaita shi da wata matsakaiciyar ƙwaƙwalwa, ta ajiye lissafin a mri/transforms/talairach.xfm. Duba shi da wannan:

tkregisterfv --s mutum01 --fstal

Ba a neman dacewa kunya da kunya. A ga dai kan bai karkace ba, bai miƙe kamar kabewa ba, girmansa ya yi kusa da na taswirar. Ba safai wannan ke lalacewa ba, amma in ya lalace komai na bayansa ya tafi, har da ƙiyasin girman cikin ƙoƙon kai, eTIV, wanda daga wannan lissafin ake fitar da shi kuma mutane ke raba sauran alƙaluma da shi.

Cire ƙoƙon kai

Yanzu ka kwatanta T1.mgz da brainmask.mgz, kana kunna ɗaya kana kashe ɗaya. Na farko kai ne cikakke, na biyu ƙwaƙwalwa ce bayan an fere mata ƙashi da fata. Kuskure iri biyu ne: ko wuƙar ta ci nama, ka ga ƙaramar ƙwaƙwalwa ko saman kunyoyi sun ɓace, ko kuma ta bar ƙashi da ido da tantani a manne.

Idan ɓarnar babba ce, kada ka ɗauki burushi. Sake matakin da wani ma'auni. Lambar da ke sarrafa ferewar 25 ce a asali. Ƙara ta, wuƙar ta yi sanyi ta bar nama. Rage ta, ta ƙara ci.

recon-all -s mutum01 -skullstrip -wsthresh 35 -clean-bm

Wannan na wanda aka yanke masa ƙwaƙwalwa ne. Wanda aka bar masa ƙashi, gwada 20 ko 15. Akwai kuma -gcut, wanda ake ƙarawa don ya tsince dura, tantani mai kauri da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa a ƙarƙashin ƙoƙon kai, sai dai yana da zafin hannu, wani lokaci ya haɗa da ɓawo, don haka a duba bayansa. Daga zubi na 7.3 akwai mri_synthstrip, wanda a hotuna masu wuyar sha'ani yakan yi aikin da wancan ya kasa.

Ka lura da -clean-bm ɗin nan. Ma'anarsa a zubar da duk gyaran hannu da aka yi wa brainmask.mgz a fara daga farko. Na taɓa kwashe yini biyu ina goge dura a kan wani dattijo, yanka bayan yanka, sai daga baya na lura an gutsure masa gefen ƙaramar ƙwaƙwalwa. Na buga umarnin nan ban yi tunani ba. Da ya gama, aikin yini biyun ya bi ruwa, kuma ban yi kwafi ba. Tun daga ranar ba na goge boksel ɗaya sai na gamsu da ferewar.

In abin da ya ɓace ɗan kaɗan ne, ana iya mayar da shi da hannu. Zaɓi brainmask.mgz, shiga Voxel Edit, ɗauki Clone, ka sa T1 a matsayin Reference, sai ka shafa wurin. Boksel ɗin asali za su dawo da haskensu. Bayan kowane irin gyara na wannan mataki, abin da za ka kunna shi ne:

recon-all -s mutum01 -autorecon2 -autorecon3

Ragowar ƙashi ko tantani da bai taɓa layin ja ba, ƙyale shi. Ba kyan hoto ake nema ba.

Matsalar haske da ɗigon jagora

A nan ne aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya, don haka zan ɗan daɗe.

Na'urar MRI ba ta haska kai daidai wa daida. Abin da ke kusa da zoben karɓar sigina ya fi haske, na nesa ya dushe, kuma wuraren da ke kusa da iska, kamar saman hanci da kogon kunne, sukan yi duhu. FreeSurfer tana gyara wannan ta hanyar ɗaga ko sauke haske har farin sashe ya zauna a 110 ko'ina. Duk abin da ya biyo baya ya dogara da wannan lamba. Idan wata siririyar tsiya ta farin sashe, irin wadda ke shiga cikin kunya a ɓangaren gefe, ta tsaya a 85 ko 90, manhajar sai ta ɗauke ta toka. Layin rawaya ba zai shiga kunyar ba, layin ja kuma, da yake daga na rawaya yake tasowa yana turawa waje, shi ma ba zai kai ba. Sai ka ga kunya guda cur a waje da layuka biyun.

Alamar ke nan: kunya ta ɓace, ka ɗora linzami a kan farin da ke cikinta a brain.mgz, ka ga lambar tana ƙasa da 110 sosai. Maganin shi ne ɗigon jagora, wato ka nuna wa manhajar da yatsa cewa wannan boksel fari ne, ta mai da shi 110, ta ɗaga na kewaye da shi daidai gwargwado.

A Freeview, je File, New Point Set, sa masa suna control.dat, zaɓi Control points. Dole ya zauna a jakar tmp ta mutumin, in ba haka ba recon-all ba zai gan shi ba. Sai ka riƙa latsawa a wuraren da ka zaɓa.

Zaɓin wurin shi ne duka sana'ar. Ɗigon ya faɗa a tsakiyar fari, inda ka tabbata fari ne ta fuska uku, kuma maƙwabtansa ma farare ne. Boksel ɗin da ke bakin iyaka rabinsa fari rabinsa toka ne, shi ya sa lambarsa ta yi ƙasa, ba don hasken na'ura ba. In ka sa ɗigo a kansa, ka ce wa manhajar toka ma fari ce. Za ta yarda da kai. Layin rawaya zai kumbura ya cinye ɓawon, kaurin wurin ya faɗi, kai kuma ka ga layi ya shiga kunyar ka yi murna. Kada a sa ɗigo a ƙaramar ƙwaƙwalwa, ko a jijiyar da ta sauka zuwa laka, ko a cikin tabon cuta, ko a boksel da ya riga ya kai 110, domin wannan ba abin da zai ƙara.

Kada kuma a yi yayyafi. Ɗigo biyu ko uku a yanka, a tsallake yanka ɗaya ko biyu, a sake, har ka bi tsawon tsiyar. Fara da kaɗan, kunna, duba, ƙara in da buƙata. Na ga fayil ɗin control.dat mai ɗigo ɗaruruwa, kuma ƙwaƙwalwar da ta fito daga ciki ta fi ta asali muni.

recon-all -s mutum01 -autorecon2-cp -autorecon3

Gyaran wm.mgz

Bayan haske ya daidaita, abin da ya rage na layin rawaya a wm.mgz yake. Wannan fayil shi ne dunƙulen da ake saƙa raga a kansa, kuma yana da wata ɗabi'a da ke ba sababbi mamaki: an cike shi da gangan. Ramukan ruwa na tsakiyar ƙwaƙwalwa da curin toka na can ciki duk an toshe su da lamba 250, don dunƙulen ya zama ba shi da kogo. Saboda haka in ka ga launi ya rufe ramin ruwa, daidai ne, kada ka goge.

Zaɓi wm.mgz a jerin hagu, ka tabbata shi ne a zaɓe, domin gyara fayil ɗin da ba shi ba kuskure ne da kowa ya taɓa yi. Danna Recon Edit. Wannan yana sa burushi ya rubuta 255, magogi kuma ya rubuta 1. Lambobin nan biyu su ne sa hannunka: duk lokacin da recon-all ya sake gudana, yana gane 255 a matsayin abin da mutum ya ƙara, 1 kuma abin da mutum ya cire, ya bar su yadda suke. In ka goge da 0, a zagaye na gaba gyaranka zai ɓace kamar ba a yi ba. Ana zane da latsa hagu, ana gogewa da Shift da latsa hagu. Sa brain.mgz a ƙasa, wm.mgz a sama da ɗan shara-shara, don ka riƙa ganin naman gaske kana aiki.

Abin da ake ƙarawa galibi ramuka ne a cikin fari. A tsofaffi da masu hawan jini na shekaru, farin sashe yakan yi tabo, kuma tabon yana fitowa da duhu a hoton T1, wato irin hoton MRI da recon-all ke aiki da shi, kusan launin toka. Haka ma a masu cutar sikila, waɗanda ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa kan toshe musu ba tare da an ga alama a jiki ba, tabon ya zauna can cikin farin goshi da na saman kai. Duk mai nazarin hotunan yaran da ke da sikila a Najeriya zai haɗu da wannan. Manhajar takan ɗauki tabon ɓawo ne, layin rawaya ya nutsa ya zagaye shi, ya ƙirƙiro kwarin da Allah bai halitta ba. A nan ɗigon jagora ba shi ne magani ba, domin duhun na gaske ne. Cike ramin ake yi da 255, a kowane yanka da ya bayyana, har sai ya haɗe da farin da ke kewaye. Idan kana da hoton FLAIR, wani nau'in hoton MRI, buɗe shi a gefe, tabon zai yi fari fat, ka san iyakarsa.

Haka wutsiyar ramin ruwa ta wajen ƙeya takan kuɓuce wa cikewar, musamman in ramukan sun faɗaɗa. Cike ta. In kuwa ramukan manya ne ƙwarai, ya fi sauƙi a sake aikin da -bigventricles tun daga zango na biyu.

Abin da ake gogewa kuma shi ne farin da ba na ƙwaƙwalwa ba: jijiyar ido da ta manne a ƙasan goshi, kitsen kwarmin ido, jijiyar jini mai haske, guntun dura. Za ka gane su da ɗan tsinin rawaya da ya fita daga jikin ƙwaƙwalwa kamar ƙaho.

recon-all -s mutum01 -autorecon2-wm -autorecon3

Huda da gada

Ragar kowane ɓari dole ta zama kamar ƙwallo, ba huda ba mariƙi, domin daga baya za a hura ta ta zama ƙwallon gaske a daidaita ta da ta sauran mutane. Ragar farko ba ta taɓa fitowa haka. Wani wurin fari ya tsinke ya bar huda, wani wurin kunyoyi biyu maƙwabta sun manne sun yi gada a kan kwari. Manhajar tana gyara waɗannan da kanta, amma a kowanne sai ta zaɓa: ta cike ko ta yanke. Wani lokaci takan yanke abin da ya kamata ta cike, sai ka ga wm.mgz ya rufe wuri sarai amma layin rawaya ya ratsa ta tsakiyarsa. Da ka ga layi ya saɓa wa wm.mgz, zargi wannan.

Buɗe surf/lh.orig.nofix ka ga ragar kafin gyaran, ka ɗora lh.defect_labels a kanta don wuraren su fito da launi. Sai ka koma wm.mgz ka yanke hukuncin da kanka: in huda ce, ƙara boksel ɗin da suka tsinke, in gada ce, goge ta. Sau da yawa boksel biyar ko shida ne ke riƙe da kunya guda.

Yawan waɗannan lahani ma'auni ne mai amfani:

mris_euler_number surf/lh.orig.nofix

Ƙwallo lafiyayye lambarsa 2, kowace huda tana rage 2. In ka ga -58, huda 30 ke nan. Adadin yana nan kuma a aseg.stats da sunan lhSurfaceHoles da rhSurfaceHoles, jimillarsu kuma SurfaceHoles. Binciken Rosen da abokan aikinsa na 2018 ya nuna lambar nan tana tafiya tare da hukuncin da ƙwararru ke yi wa ingancin hoto da ido. In kana da mutum 200, jera su bisa ita ka fara da mafi muni. Sai dai ba ta da iyaka guda da ta dace da kowace na'ura. Ka kwatanta mutanen da aka ɗauka a na'ura ɗaya.

Iyakar waje

Sai yanzu ka zo kan layin ja, kuma za ka ga rabin matsalolin da ka rubuta a zagayen farko sun warware da kansu. Abin da ya saura yawanci dura ne. A hoton T1 tantanin nan haskensa kusan ɗaya da na ɓawo, kuma inda ya kwanta a jikinsa ba ruwa a tsakani, layin ja sai ya wuce ya haɗiye shi. Wurin sai ya nuna kauri fiye da kima. FreeSurfer ba ta rubuta kaurin da ya wuce milimita 5, don haka in ka ɗora lh.thickness a kan ragar ka ga fili guda duk ya tsaya a 5, je ka duba shi.

Zaɓi brainmask.mgz, danna Recon Edit, ƙaramin burushi na boksel 1 ko 2, ka goge dura ɗin da ke cikin layin. Ba sai ka share shi duka ba; ka buɗe ɗan rata mai duhu tsakaninsa da ɓawo, layin zai tsaya a nan. Riƙa leƙa T1.mgz kana yi. In ka yi shakkar boksel, bar shi, domin gogewar da ta ci ɓawo ta fi barin dura illa, kuma ba ta nuna kanta daga baya.

Inda layin ya zarce cikin ƙaramar ƙwaƙwalwa, kada ka goge ta a brainmask.mgz, za ka lalata lissafin girmanta. Yi kwafin brain.finalsurfs.mgz ka sa masa suna brain.finalsurfs.manedit.mgz, ka yi gogewar a can.

recon-all -s mutum01 -autorecon-pial

Wanda ya yi sa'a aka ɗaukar masa hoton MRI nau'in T2 ko FLAIR mai siririn yanka, kusan milimita 1 ta kowace fuska, ya huta da yawancin wannan, domin a cikinsu dura da ɓawo sun bambanta sarai:

recon-all -s mutum01 -T2 hoton_t2.nii.gz -T2pial -autorecon3

Tsohon layin yana nan a lh.woT2.pial don kwatanci. T2 na asibiti mai yanka milimita 5 ba zai yi wannan aikin ba. Hasali ma in T1 ɗin kansa mai kaurin yanka ne, kamar yawancin hotunan da ake ɗauka don duba mara lafiya, recon-all na yau da kullum ba nasa ba ne. Recon-all-clinical, wanda ya zo da zubi na 7.4, shi aka yi domin irinsu.

In ka yi gyara iri biyu ko uku a zama ɗaya, kunna umarnin wanda ya fi kusa da farko, sauran za su shiga ciki. Ɗigon jagora da wm.mgz da dura tare, -autorecon2-cp -autorecon3 ya wadatar. Bayan ya gama, buɗe sabbin layuka tare da na jakar mutum01_asali da launi daban, ka duba wurin da ka gyara, ka kuma duba wuraren da ba ka taɓa ba, musamman bayan ɗigon jagora, wanda tasirinsa kan yi nisa.

Nawa ya kamata a gyara

Ra'ayina, ƙasa da yadda hannu ke so. McCarthy da abokan aikinsa sun kwatanta alƙaluman da aka gyara da ɗigon jagora da waɗanda ba a taɓa ba a 2015, suka ga a yawancin yankuna bambancin kaɗan ne. Dalilin a fili yake: taswirar Desikan da Killiany ta raba kowane ɓari gida 34 ne kacal, kuskuren boksel goma yana narkewa a matsakaicin yanki mai ƙullin raga dubbai. Ƙa'idar da nake bi ita ce, abin da bai wuce yanka biyu ko uku ba na ƙyale shi, sai in ya faɗa daidai yankin da binciken ke tambaya a kai. Ku zauna ku tsayar da taku ƙa'idar a rubuce kafin a buɗe mutum na farko.

Abin da ya fi yawan gyara haɗari shi ne gyaran da ya karkata. In mai gyara ya san wane ne mara lafiya, hannunsa zai fi nauyi a kansa ko da bai nufa ba, kuma abin da takardar binciken za ta kira tasirin cuta zai zama tasirin burushi. A ɓoye rukuni, a cakuɗa jerin, a riƙa rubuta fayil da yanka da dalilin kowane gyara. Umarnin mri_compile_edits yana tattara gyare-gyaren mutum ɗaya a fayil guda, wani ya iya bin sawu. Kada kuma a sauya zubi ko kwamfuta ana tsakiyar bincike. Gronenschild da abokansa sun nuna a 2012 cewa zubin FreeSurfer da tsarin kwamfutar ma suna motsa alƙaluma.

Akwai kuma hoton da ba ya gyaruwa. In mutum ya motsa kai a cikin na'ura, za ka ga zobba-zobba a jikin ƙwaƙwalwar kamar an jefa dutse a ruwa, iyakar fari da toka ta dushe ko'ina. Reuter da abokan aikinsa sun nuna a 2015 cewa motsi yana sa ɓawo ya fito da siranta fiye da gaskiya, kuma yara da tsofaffi da marasa lafiya su suka fi motsi. Burushi ba ya dawo da abin da na'ura ba ta ɗauka ba. Irin wannan a fitar da shi daga lissafi, a rubuta dalili, a kuma faɗi a rahoton mutum nawa aka fitar daga kowane rukuni.